Dokar Hanya da Diyyar Wanda Mota Ta Buge



Gabatarwa

Ranar Lahadi, 2 ga watan Afrilu na shekarar 1972, a zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama, domin ta dace da maƙwabtanta, watau Nijar da Cadi da Kamaru da Dahomey wadda yau ake kira Benin. Direban da ya bi hagu ranar Asabar mai bin doka ne. Wanda ya bi hagu washegari kuwa mai laifi ne, in kuma ya yi karo da wata mota, shi alƙali zai ɗora wa asarar. Hanyar tana nan yadda take, motar ma haka, amma da aka sauya 'yan kalmomi a takarda sai nauyin biyan diyya ya tashi daga wuyan wani ya koma wuyan wani.

Wannan shi ne jigon laccar yau. Kowace dokar hanya tana da fuska biyu. Ta farko ita ce wadda kowa yake gani a bakin titi, inda ma'aikaci yake tsayar da mota, ya yanka tara, ko ya ja motar zuwa ofis. Ta biyu ba ta bayyana sai an kwantar da mutum a asibiti ko an kai shi makwanci, sa'an nan a shiga tambayar wa ke da laifi, wa kuma zai biya. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, jihohin ƙasar nan sun ƙware ƙwarai wajen fuska ta farko, amma sun yi sakaci da ta biyu, alhali ita ce ta shafi wanda aka cuta. Lamarin kuwa ba ƙarami ba ne, domin lissafin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ya nuna a shekarar 2024 kaɗai mutum fiye da 5,000 suka mutu a hanyoyin Nijeriya, fiye da 30,000 kuma suka ji rauni.

Wa Ke da Ikon Hanya?

Kafin a yi nisa ya kamata a san yadda aka raba iko. Tsarin Mulki na 1999 ya ba Majalisar Tarayya ikon yin doka game da zirga-zirga a kan manyan hanyoyin Tarayya, ya kuma ba ta sha'anin inshora baki ɗaya. Sauran hanyoyi suna hannun jihohi. Ƙananan hukumomi su ke kula da tashoshin mota da ba da lasin kekuna da amalanke. Dokar ramuwa kuwa, watau wadda take faɗin abin da mutum zai biya ɗan'uwansa in ya cuce shi, ta jiha ce, kuma galibi a babbar kotun jiha ake shari'arta.

Sakamakon wannan rabo shi ne haɗari guda yana iya rataya a kan dokoki uku daga majalisu daban-daban: dokar da ta faɗi yadda ake tuƙi, dokar da ta tilasta inshora, da dokar da ta auna diyya. Direban babbar mota da ya ɗauko kaya daga Kano zuwa Legas ta hanyar Mokwa da Jebba zai taka jihohi bakwai, watau Kano, Kaduna, Neja, Kwara, Oyo, Ogun da Legas, kowace da hukumarta da jerin laifuffukanta da yawan tararta.

Tarihi ma ya nuna jihohi sun daɗe a wannan fage. Jihar Oyo ce ta kafa rundunar kiyaye haɗurra a 1977, tun kafin gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa ta ƙasa baki ɗaya a 1988, wadda Farfesa Wole Soyinka ya fara shugabanta. Legas ta kafa LASTMA a 2000, Kano ta kafa KAROTA a 2012, Kaduna ma tana da KASTLEA, wasu jihohi da dama kuma sun bi sahu.

Misalai Biyu: Legas da Kano

A watan Agusta na 2012 Gwamna Babatunde Fashola ya sa hannu a kan sabuwar dokar hanya ta Jihar Legas. Dokar ta hana 'yan acaɓa bin hanyoyi 475, ta kuma tanadi ɗauri ga mai bin hannun da ba nasa ba. A 2018 aka maye gurbinta da wata dokar gyaran harkar sufuri, wadda a ƙarƙashinta kotu take iya mallaka wa gwamnati motar da aka kama da irin wannan laifi. A watan Satumba na 2022 an yi gwanjon motoci 134, waɗansunsu na waɗanda kotu ta ƙwace wa ne. Haka nan an faɗaɗa hanin acaɓa a Fabrairun 2020, aka sake tsananta shi daga 1 ga Yuni, 2022, kuma baburan da aka kama akan murƙushe su. Wannan ya shafi Arewa kai tsaye, domin da yawa daga cikin masu wannan sana'a a Legas samari ne 'yan ci-rani daga jihohin Arewa.

A Kano kuwa sauyin ya bi wata hanya dabam. A 2005, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, aka shigo da babura masu ƙafa uku waɗanda har yau ake kira A Daidaita Sahu. A watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Mai Martaba Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana goyo a babur cikin birni da kewaye, sai dubban 'yan acaɓa suka koma mai ƙafa uku ko suka bar garin. A 2021 da 2022 'yan A Daidaita Sahu sun yi yajin aiki saboda haraji da kuɗin rajista, jama'a suka yi ta takawa a ƙasa, sa'an nan a Yulin 2022 aka hana su aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe.

Duk wanda ya dubi waɗannan matakai zai ga dalilansu a fili: tsaro, cunkoso, tarbiyya, da kuɗin shiga. Dalilai ne masu nauyi, ba kuma mai musun cewa gwamnati tana da ikon ɗaukarsu. Sai dai in an auna muhawarar da aka yi a kansu, za a tarar yawancinta a kan kamu da tara ta ƙare, ba a cika tambayar abin da sauyin zai jawo wa wanda aka riga aka karya wa ƙafa ba.

Abin da Sauyi Yake Jawo wa Direba

Abu na farko da direba yake ji a jikinsa shi ne kuɗi. Tara, kuɗin fansar mota, sabuwar lamba, sabon fenti, duk daga cinikin yini suke fita. Abu na biyu shi ne sana'ar kanta. Mafi yawan masu babur da mai ƙafa uku ba su ne masu abin hawan ba. Wani ne ya saya ya ba su, suna kai masa balas kullum ko suna biya kaɗan-kaɗan har su mallaka. In doka ta sauya aka ƙwace babur, bashin yana nan bai sauya ba.

Abu na uku shi ne rashin sani. Ƙa'ida ce ta shari'a cewa rashin sanin doka ba ya zama hujja, amma wannan ƙa'ida tana ɗora wa gwamnati nauyin sanarwa. Dokar da aka buga da Turanci a mujallar gwamnati, aka karanta sau ɗaya a rediyo, ba ta isa kunnen yaron da ya sauka daga mota jiya a Agege ko Mile 12 ba. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, a nan kuwa duhun yana iya cinye jarin mutum gaba ɗaya.

Abu na huɗu shi ne wanda direbobi ba su cika lura da shi ba, shi ne kuma ya fi tsada. Duk sabon laifin da majalisa ta rubuta, sabuwar shaida ce da za a iya kafawa a kan direba ranar da aka yi ƙararsa neman diyya.

Dokar Hanya a Gaban Alƙalin Diyya

Wanda mota ta buge, in ya je kotu neman ramuwa, abubuwa uku zai tabbatar: cewa direba yana da nauyin kula da sauran masu bin hanya, cewa ya yi sakaci da wannan nauyi, da kuma cewa sakacin ne ya jawo raunin. Na farko ba a jayayya a kansa. Gardama duk a kan na biyu take, a nan ne kuma dokar hanya take shigowa, domin ita ce ma'aunin da alƙali yake ɗauka ya auna tuƙin mutum. Wanda ya keta jar wuta, ko ya wuce iyakar gudu, ko ya bi hannun da ba nasa ba, ya miƙa wa mai ƙara hujja da hannunsa. Saboda haka in jiha ta rage iyakar gudu a gaban makarantu, ko ta mai da wani titi na hannu ɗaya, ta sauya ma'aunin da za a yi wa direba awo da shi, ko da dokar ba ta ambaci kalmar diyya ko sau ɗaya ba.

Daɗin daɗawa, Dokar Shaida ta 2011 ta yarda a gabatar da hukuncin da kotu ta yanke wa mutum a kan laifi a matsayin shaida cikin shari'ar neman ramuwa. Direban da aka gurfanar gaban kotun tafi-da-gidanka bayan haɗari, ya yi sauri ya amsa laifin tuƙin ganganci don a sallame shi ya koma bakin aiki, yana iya tarar da wannan amsawa tana jiransa a babbar kotu.

Amma ma'aunin nan ba direba kaɗai ake aunawa da shi ba, har da wanda aka buge. A tsohuwar shari'ar Ingila, tun daga wani hukunci na 1809, wanda ya taimaka wajen jawo wa kansa rauni, ko da laifinsa kaɗan ne, ba ya samun ko anini. Ingila ta soke wannan tsauri a 1945, Jihar Arewa kuma ta yi tata dokar a 1957, wadda ta ba alƙali ikon raba laifi tsakanin ɓangarori biyu ya rage diyya gwargwadon haka. Alal misali, in an ƙiyasta asarar mutum naira 2,000,000, alƙali kuma ya ga kashi 30 cikin 100 na laifin nasa ne saboda ya tsallaka titi a ƙarƙashin gadar masu tafiya a ƙasa, naira 1,400,000 zai karɓa.

Nan ne dokokin kare kai suke da tasiri. An fara tilasta ɗaura bel a mota a Janairun 2003, hular kwano kuma ga mai babur da wanda ya goya a Janairun 2009. Jama'a za su tuna yadda waɗansu 'yan acaɓa a Kano suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su kauce wa kamu. Abin ya zama abin dariya a lokacin, amma a kotu ba dariya a ciki. A wata shahararriyar shari'a ta 1975 a Ingila, Lord Denning ya ba da ƙa'idar rage kashi 25 cikin 100 na diyya in da ɗaura bel zai hana raunin gaba ɗaya, ko kashi 15 in da zai sassauta shi. Hukuncin kotunan Ingila ba ya ɗaure alƙalin Nijeriya, amma lauyoyi suna kafa hujja da shi, alƙalai kuma suna dubawa. Don haka fasinjan da ya ƙi hula ko bel yana iya yin asara sau biyu, a jikinsa da kuma a aljihunsa.

To, ina matsayin wanda ya hau babur a titin da aka hana acaɓa? Lauyan wanda ake ƙara zai ce ai shi ya kai kansa, ya nemi a rage masa. Wanda yake tafiya a ƙasa aka buge shi kuwa hakkinsa a shari'a cikakke ne. Matsalarsa ta wani wuri ce: mahayin da ya san babur ɗinsa haramtacce ne a wannan titi ba zai tsaya ba, domin tsayawa tana nufin rasa babur. Sana'ar da aka hana a takarda amma take ci gaba a ɓoye ba ta da rajista, ba ta da ƙungiyar da za a kai wa kuka, ba ta kuma da inshora. Wannan shi ne ɓoyayyen farashin hanin da aka yi ba tare da tanadi ba.

Wa Zai Biya?

Hukunci a takarda ba ya biyan kuɗin asibiti. Direban haya da kyar yake da abin da zai biya diyyar ƙafa guda, balle ta rai. Shari'a ta buɗe ƙofofi biyu saboda haka. Ta farko ita ce ubangidan direba, domin wanda ya ɗauki mutum aiki yana ɗaukar nauyin ɓarnar da ya yi a bakin aikin. Sai dai tsarin balas yana kawo ruɗani, domin mai babur zai ce shi haya ya bayar, yaron ba ma'aikacinsa ba ne, sai kotu ta duba wa ke da iko da yadda ake aikin.

Ƙofa ta biyu ita ce inshora. Tun zamanin Turawa aka yi dokar 1945, wadda ta fara aiki a 1950, ta wajabta wa duk mai mota ya yanki inshorar da za ta biya wanda ya kashe ko ya raunata. Dokar Inshora ta 2003 ta sa iyakar biyan ɓarnar dukiya a naira 1,000,000. Daga 1 ga Janairu, 2023, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin inshorar motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, iyakar biyan ɓarnar dukiya kuma ta koma naira 3,000,000. A wannan tsari an yanka wa mai ƙafa uku naira 5,000, babur naira 3,000, babbar motar kaya naira 100,000. Abin lura shi ne iyakar nan ta dukiya ce. Ba a sa wa rai da rauni irin wannan iyaka ba. 'Yan sanda sun shiga tilasta wannan inshora a faɗin ƙasa daga 1 ga Fabrairu, 2025, a watan Agusta na wannan shekarar kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta haɗe tsofaffin dokokin, ta kuma tanadi asusun biyan waɗanda mota marar inshora ko direban da ya gudu ya cuta.

A takarda tsarin yana da kyau. A aikace kuwa akwai ramuka biyu. Na farko shi ne takardar jabu. Direbobi da yawa suna ɗaukar inshora a matsayin takardar nuna wa ɗan sanda kawai, suna sayenta a hannun 'yan kamasho a bakin ofishin lasin, ba tare da sanin ko akwai kamfani na gaske a bayanta ba, alhali ƙungiyar kamfanonin inshora tana da rumbun bayanai da ake iya bincikawa da lambar mota ta wayar hannu. Na biyu shi ne saɓa sharaɗi. Ma'aikacin da ya yanki inshorar motar gida, sa'an nan yana kabu-kabu da ita bayan tashi daga ofis, ya ba kamfani ƙofar cewa ba wannan aiki aka yi yarjejeniya a kai ba, fasinjojinsa kuwa su ne za su kwana ciki.

A nan ne ikon jiha yake da amfani, ko da yake inshora ta Tarayya ce. Jiha ce take yi wa mota rajista, ma'aikatanta ne suke duba lafiyar motoci, ita ce take ba 'yan haya izinin aiki. Gwamnatin da ta iya bin kowane mai ƙafa uku ta karɓi harajin yini, ba za ta kasa tabbatar da yana da inshora ta gaske ta naira 5,000 a shekara ba.

Diyya, Dangi da Yafiya

Biyan ran da aka kashe bisa kuskure ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malamai, ya bayyana cikakkiyar diyya: raƙuma 100, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Ya kuma nuna mahayin dabba da mai jan ta da mai kora ta suna lamunin abin da ta taka. A kisan kuskure ba mai laifin kaɗai yake biya ba, danginsa na wajen uba ne, waɗanda ake kira aƙila, suke haɗuwa su biya cikin shekara uku. Hikimar a fili take: asarar da za ta karya mutum ɗaya, in an raba ta tsakanin mutane da yawa sai ta ɗauku. Wannan ita ce manufar da inshora take ƙoƙarin cikawa a zamanin da dangi suka warwatsu, ga wanda kuma yake da shakka game da inshorar da aka saba, NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013, akwai kuma kamfanonin da suke aiki da su.

Dokar Jihar Arewa ta 1956 game da haɗarin da ya jawo mutuwa ta lura da wannan gado. Ta ba iyalin mamaci ikon ƙarar wanda ya yi sanadi, in kuma mamacin Musulmi ne ta mai da masu hakkin su zama waɗanda suke da rabo a diyya bisa shari'ar Musulunci. Jihohin da aka ƙirƙira daga Jihar Arewa sun gaji wannan doka. Har ila yau, dokokin gudanar da shari'ar laifuffuka, irin wadda Kaduna ta yi a 2017 da wadda Kano ta yi a 2019, sun ba kotu ikon umartar mai laifi ya biya wanda ya cuta.

Duk da haka, abin da aka fi gani shi ne, in an yi haɗari sai manya su taru, shugabannin tasha su zo ta'aziyya, a ce ƙaddara ce, a yafe. Yafiya hali ne na girma, ba kuma mai hana mutum ya yafe abin da yake nasa. Amma akwai abubuwa biyu da ya kamata a sani kafin a furta ta. Na ɗaya, in motar tana da inshora ta gaske, wanda aka sauƙaƙa wa shi ne kamfanin da ya riga ya karɓi kuɗi domin irin wannan rana, ba direban da ake tausayi ba. Na biyu, in mamaci ya bar ƙananan yara, rabonsu dukiyar marayu ce, malaman fiƙihu kuwa ba su yarda waliyyi ya yi kyauta da dukiyar maraya ba. Sau da yawa baffan da ya yafe a zaure ba shi ne zai ciyar da yaran ba.

Wa'adin Ƙara

Akwai wata ƙofa da take rufe kanta ba tare da ƙara ba, watau wa'adi. Kowace jiha tana da dokar da ta iyakance lokacin shigar da ƙara, in ya wuce hakki ya faɗi komai ƙarfin hujja. Ma'aikatan gwamnati su lura musamman da Dokar Kare Ma'aikatan Hukuma ta Tarayya, wadda ta ba da wata 3 kacal ga mai son ƙarar ma'aikaci a kan abin da ya aikata a bakin aikinsa, jihohi da yawa kuma suna da irinta. Mutumin da motar hukuma ta buge yana iya cinye wannan wa'adi yana kwance a gadon asibitin ƙashi.

Domin a ga yadda majalisar jiha take iya juya wannan al'amari da alƙalami ɗaya, yana da kyau a leƙa Amurka, wadda Nijeriya ta ɗauko tsarin shugaba mai cikakken iko daga gare ta a 1979. A can ma kowace jiha da dokarta. Jihohin Alabama, Maryland, North Carolina da Virginia suna riƙe da tsohuwar ƙa'idar nan mai hana diyya ga wanda yake da ɗan laifi. Jihar Florida kuwa a watan Maris na 2023 ta rage wa'adin ƙarar sakaci daga shekara 4 zuwa 2, ta kuma hana diyya ga wanda laifinsa ya haura kashi 50 cikin 100. Mutum biyu masu rauni iri ɗaya, ɗaya kafin sauyin ɗaya bayansa, hakkinsu ba ɗaya ba ne. Abin koyi a nan shi ne a can ana yin irin wannan muhawara a fili, lauyoyi da kamfanonin inshora da ƙungiyoyin jama'a kowa yana faɗin abin da sauyin zai jawo wa wanda aka raunata.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da shawarwari kamar haka.

Na farko, duk lokacin da majalisar jiha za ta sauya dokar hanya, a tambayi mai gabatar da ita abin da ta tanadar wa wanda aka buge, a kuma ba da lokacin sanarwa da Hausa da sauran harsunan da direbobi suke ji, a tasha da rediyo, kafin a fara kamu.

Na biyu, a ɗaura izinin haya da sabunta rajista a kan inshorar da aka tabbatar da ita a rumbun bayanai, a kuma koya wa ma'aikatan hanya su bincika ta maimakon duban takarda kawai.

Na uku, a ware wani kaso daga kuɗin tara domin jinyar gaggawa ta waɗanda suka yi haɗari. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, ta sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, amma asibitin da bai san wanda zai biya shi ba zai yi ta jan ƙafa.

Na huɗu, jihohi su sake duban wa'adin wata 3 game da raunin jiki, su kuma sabunta dokokin ramuwa da suka gada tun shekarun 1950.

Na biyar ya shafi ɗalibai da ma'aikata da suke zaune a nan, domin su ne ake kira in haɗari ya faru a dangi. A rubuta lambar motar tun a wurin, a karɓi sunayen shaidu, a tabbata 'yan sanda sun rubuta rahoto, a adana rasit da takardun likita, a sanar da kamfanin inshora da wuri, kada kuma a sa hannu a takardar sulhu sai wanda ya san doka ya karanta ta. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka mai mota ya bincika inshorarsa tun yau.

Gwamnati tana auna nasarar hukumar hanya da yawan motocin da aka kama da kuɗin da aka tara. Ya kamata a ƙara ma'auni na uku a cikin rahoton shekara, watau mutum nawa aka buge a jihar, nawa ne kuma daga cikinsu suka karɓi hakkinsu. Ranar da majalisa ta fara neman wannan lissafi, dokokin da za ta yi ma za su sauya.

Allah ya kiyaye hanya, ya mai da kowa gidansa lafiya.